Yadda ake tafiyar da ɗakin ƙere-ƙere na laburare a lokacin annoba

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 17 ga watan, ƙungiyar laburarori ta Amurka ta shawarci laburarorin ƙasar da su rufe ƙofofinsu. Sashen littattafai bai daɗe ba ya sami mafita, tunda littafi ana iya miƙa shi ta taga, ko a karanta shi a waya. Wanda ya shiga tsaka mai wuya shi ne ɗakin ƙere-ƙere, wato ɗakin da laburare ke ajiye na'urar buga abubuwa ta 3D da na'urar yanka ta leza da kekunan ɗinki da ƙarfen soda, kowa ya zo ya yi aiki da su, kyauta ko a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Irin wannan ɗaki bai daɗe a laburarori ba. Na garin Fayetteville a jihar New York, wanda aka fara a 2011, shi ake yawan kira na farko a laburaren jama'a a Amurka. Birnin Chicago ya buɗe nasa a 2013, babban laburaren Oodi na Helsinki kuma, da aka buɗe a Disamba 2018, ya zo da nasa tun daga ginin. Duk an gina su a kan abu ɗaya: mutane su taru kafaɗa da kafaɗa, wannan ya miƙa wa wancan almakashi, malami ya sunkuya a kan ɗalibi yana nuna masa inda zai danna. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da annoba ke hanawa.

Matakan da ke ƙasa na ma'aikacin da aka damƙa wa irin wannan ɗaki ne. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, ɗakin abu uku ne: na'urori, da sanin da ke kan ma'aikata, da mutanen da suka saba zuwa. Ginin ne kawai ake kullewa. Waɗannan ukun kowannensu yana da hanyar da zai ci gaba da aiki.

Mataki na 1: Ranar rufewa, kada ku fita da gaggawa

Yawancin waɗanda suka kulle a Maris 2020 sun ɗauka mako biyu ne ko uku, sai abin ya zama watanni. Saboda haka ku rufe kamar waɗanda ba su san ranar dawowa ba.

Ku zare zaren roba, wato wanda na'ura ke narkarwa ta yi bugu da shi, daga kowace na'urar 3D, ku sa shi a leda mai zif tare da ƙullin nan mai shanye laima. Zaren da aka bari a fili yana shan danshi, ya yi gautsi, ya riƙa karyewa a cikin na'ura. Na'urar leza mai sanyaya da ruwa, ku zubar da ruwan, ku share madubanta, ku kwashe ɓurɓushin katako da ke ƙarƙashin faranti domin abin kama wuta ne. Ku ɗiga wa kekunan ɗinki mai, ku lulluɓe su. Batura masu caji ku bar su da kusan rabin caji, ku cire su daga jikin kayan. Ku cire komai daga soket.

Sannan ku ɗauki abin da ba ya sayuwa a kasuwa: fayilolin zane, da kalmomin sirri na manhajoji, da jerin masu zuwa ɗakin tare da hanyar samunsu. Ku ɗauki hoton kowane shiryayye. Ku rubuta nawa ne zaren roba ya rage, wane iri, da faranti nawa na roba mai garai-garai, da yadi nawa. Nan da kwanaki wani zai bugo waya yana tambayar abin da za ku iya yi, kuma amsar tana cikin wannan lissafin.

Mataki na 2: Ku yanke shawarar inda na'urori za su zauna

Hanya uku ce. Ko ma'aikaci ɗaya ya riƙa shiga ginin shi kaɗai yana aiki, ko a kai na'urorin gidajen ma'aikata, ko a ba da aronsu ga wanda ya fi ku iya amfani da su a wannan lokacin. Laburaren birnin Toronto a Kanada ya bi ta uku: a Maris 2020 ya ba wata tawaga a Babban Asibitin Toronto aron na'urorin 3D guda 10 domin buga garkuwar fuska. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nuna hankali, domin tawagar tana cikin asibitin, ta san abin da likitoci ke buƙata, ta kuma san yadda ake tsabtace shi.

Idan gida za a kai, na'urar 3D mai zaren roba da keken ɗinki sun dace, a ɗakin da ke da taga. Na'urar leza kam ta zauna inda take. Tana buƙatar bututun fitar da hayaƙi da abin kashe gobara, kuma ba a barinta tana aiki ba mutum a kanta ko na minti ɗaya. Kowace na'ura da za ta fita, a rubuta takarda: lambarta, da wanda ya karɓa, da yanayin da take ciki, da wanda zai ɗauki nauyin gyara in ta lalace. Shugaban laburare ya sa hannu.

Mataki na 3: Kafin ku buga komai, ku tambayi masu buƙata

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma niyya mai kyau ce ke jawo shi. Labari ya bazu a Maris 2020 cewa wani ƙaramin kamfani mai suna Isinnova a Brescia, Italiya, ya buga wa wani asibiti bawul na na'urar numfashi da suka ƙare, sai duk mai na'urar 3D ya ji shi ma lokacinsa ya yi. Amma waɗancan injiniyoyi ne da suka yi aiki tare da asibitin, asibitin ne kuma ya nema. Kayan da aka buga ba tare da an tambaya ba sau da yawa a kwali suke ƙarewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku nemi mutum ɗaya a asibiti, wanda ke kula da sayen kaya ko da hana yaɗuwar cuta, ku yi masa tambayoyi huɗu: me kuke buƙata, wane zane kuka amince da shi, guda nawa a mako, kuma yaya kuke so a kawo. Ku kai samfuri 5 ko 10 a gwada kafin ku buga ɗari. Kada ku tsaya a manyan asibitoci kaɗai. Gidajen kula da tsofaffi da ƙananan asibitocin unguwa da direbobin motar asibiti da masu rabon abinci su ne aka fi mantawa da su, su ne kuma suka fi karɓa hannu bibbiyu.

Kada ku zauna ƙirƙirar sabon zane. Akwai waɗanda aka riga aka gwada. Kamfanin Prusa na birnin Prague a ƙasar Czech ya fitar da zanen garkuwar fuska kyauta a Maris 2020, bayan ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta duba shi. Yana da ƙarfi, yana amfani da farantin roba mai kaurin rabin milimita da ilastik a ƙeya. Kamfanin 3DVerkstan na Suwidin ya fitar da wani siriri wanda ba ya buƙatar ilastik, ya fi saurin bugawa, ana kuma huda masa farantin da abin huda takarda na ofis. A Amurka cibiyar binciken lafiya ta NIH ta tara irin waɗannan zane-zane a shafinta, tana nuna waɗanda ma'aikatan asibiti suka gwada. Akwai kuma ɗan ƙaramin abu mai saukin bugawa da ma'aikatan jinya suka yi marhabin da shi: madaurin ƙeya da ake maƙala igiyar takunkumi a jikinsa, domin kada ta yanka bayan kunne a tsawon yini.

Abin da za ku ƙi yi, ko an roƙe ku, shi ne takunkumin roba da za a ce ya maye gurbin N95, wato takunkumin ma'aikatan asibiti mai tace iska. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa abin da aka buga da na'urar 3D da wuya ya tace iska ko ya tare ruwa kamar takunkumin asibiti na ainihi. Bugun yana hawa-hawa ne, tsakanin hawa da hawa akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Garkuwar fuska ma feshin yawu take tarewa, ba ta tace iska, saboda haka a kan takunkumi ake sa ta.

Ku san robarku. Zaren roba iri-iri ne: PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, har a cikin motar da aka bari a rana tana iya lanƙwashewa. PETG tana jurewa zuwa wajen digiri 80, ta kuma fi jure sinadarin tsabtacewa. Tukunyar turara kaya ta asibiti tana kaiwa digiri 121, don haka babu ɗaya daga cikinsu da ke shiga cikinta, kuma sai kun rubuta hakan a jikin leda. Idan da leza za ku yanka farantin, ku tabbatar ba irin robar da ake kira PVC ba ne. PVC in ya ƙone yana fitar da iska mai sinadarin kulorin, mai cutar da huhu, mai cin ƙarfen na'ura. Ledar bangon takardu da ake sayarwa a shagunan kayan ofis da yawanta PVC ce: wannan a huda ta da hannu, a yanka da almakashi.

Mai bugawa ya sa takunkumi da safar hannu lokacin cire kaya daga na'ura, ya zuba a leda nan take, ya rufe, ya rubuta ranar da irin robar. A ajiye ledar kwana 3 kafin a kai. Duk wanda ya ji zazzaɓi ko tari ya dakata da aiki, a ware abin da ya buga a kwanakin.

Kekunan ɗinki ma suna da nasu aikin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shawarci jama'a su sa takunkumin yadi ranar 3 ga Afrilu 2020, a watan Yuni kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana yadda ya kamata ya kasance: hawa uku, na ciki auduga mai shan gumi, na tsakiya yadin da ba saƙa ba irin na folifurofilin, na waje wanda ba ya shan ruwa irin foliyesta. Hanyar da ta fi sauri ita ce raba aiki. Ma'aikaci ya yanka yadi da yawa a laburare, a ƙulla yanka 20 ko 25 tare da ilastik da takardar bayani, masu ɗinki na sa-kai su karɓa su ɗinka a gida su dawo da shi. Wanda ya ga yadda teloli a Kano da Zinder suka koma ɗinkin takunkumi a wannan shekarar ya san cewa masu hannu ba su ƙaranci ba. Abin da laburare zai ƙara shi ne ma'auni ɗaya da bayani ingantacce.

Mataki na 4: Aiki ya shigo ta waya, ya fita ta ƙofa

Da zarar buƙatar asibitoci ta lafa, ku koma kan masu zuwa ɗakin. Ku buɗe hanya ɗaya tak ta karɓar aiki, imel ko fom a intanet, da lambar waya ga wanda ba shi da kwamfuta. Mutum ya turo fayil ɗinsa, ma'aikaci ya duba ya ga ko zai bugu, ya faɗa masa tsawon lokaci da kuɗin roba, ya buga, ya sa a ambulan da suna, ya ba shi rana da sa'ar zuwa. A ajiye a kan tebur a bakin ƙofa, ma'aikaci ya ja baya, mai kaya ya ɗauka.

Ku sa iyaka tun farko, misali aiki ɗaya ga mutum ɗaya a mako, wanda bai wuce sa'a 4 ko 5 a na'ura ba, in ba haka ba mutum biyu za su cinye layin. Idan fayil ya zo da matsala kuma, kada ku gyara a ɓoye ku miƙa. Ku kira mai shi, ku nuna masa inda bangon ya yi siriri ko inda ake buƙatar tokari, ya gyara da kansa. Ɗakin na koyo ne, kuma wannan kiran na minti 10 shi ne ya rage daga darasin da ake yi a tsaye a gaban na'ura.

Mataki na 5: Ƙunshin kayan aiki na tafiya gida

Wannan shi ne abin da ya fi yaɗuwa a laburarorin Amurka da Kanada a 2020, kuma shi ne ya fi isa ga yara. Jaka ce ta takarda, a ciki akwai duk abin da aiki ɗaya ke buƙata. Misali katin gaisuwa mai fitila: kwali, da ƙwan LED guda 2, da salatif ɗin tagulla, da ɗan batir. Ko ƙaramar jaka da za a ɗinka da hannu: yadi a yanke, da allura, da zare, da maɓalli.

Ƙa'idar farko ita ce kada ku ɗauka akwai komai a gidan da jakar za ta je. In aikin yana buƙatar gam, ku sa gam. In yana buƙatar almakashi, ku rubuta a bayan jakar da manyan baƙaƙe domin a sani kafin a ɗauka. Ta biyu, bayanin ya kasance a takarda, da hotuna mataki-mataki, ta yadda gidan da ba intanet zai gama aikin. Bidiyo ƙari ne. Ta uku, ku ba wani da bai taɓa ganin aikin ba ya gwada daga takardar kaɗai, ku zuba ido ba tare da kun ce uffan ba. Inda ya tsaya yana juya takarda, nan ne bayaninku ya gaza.

Ku rubuta shekarun da suka dace. Ɗan batir mai kama da kwabo da ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi suna iya kashe yaro in ya haɗiye su. Kada su shiga jakar ƙananan yara sam, a ta manya kuma a manna gargaɗi a fili.

Rabon ma abin tunani ne. Iyalin da ke da mota da intanet su za su fara jin labari su kwashe. Ku ware kaso ku kai inda mabuƙata ke zuwa dama. A Toronto an mayar da wasu rassan laburare wuraren rabon abinci a Afrilu 2020, kuma duk inda ake layin abinci, ko makarantar da ke raba wa ɗalibai darasi a takarda, wuri ne da jakarku za ta sami yaron da ba zai taɓa ganin sanarwarku a Facebook ba.

Kayan da ake dawowa da su, irin su ƙananan allunan lantarki na koyon tsara manhaja, micro:bit da Arduino, da keken ɗinki na hannu da na'urar intanet ta aro, ku ba da su kamar littafi, da katin laburare, da jerin abin da ke cikin akwati a manne a murfi.

Mataki na 6: Darasi daga nesa

Ku zaɓi manhajojin da ba a biya kuma suke aiki a tsohuwar kwamfuta: Tinkercad don zanen 3D, Scratch don koya wa yara tsara manhaja, Inkscape don zanen da leza za ta yanka. Darasi kai-tsaye kada ya wuce minti 45, mutane kada su wuce 10 ko 12. Ma'aikata biyu ake so, ɗaya yana koyarwa, ɗaya yana karanta tambayoyi. Ku ɗaura waya a sama tana kallon tebur, domin hannuwanku ake son gani. Ku naɗi darasin, ku yanka shi guntu-guntu na minti 3 zuwa 5, waɗanda za a iya turawa ta WhatsApp ba tare da sun cinye data ba.

Darasin da ya fi kamawa shi ne wanda ya haɗa matakai uku: an karɓi jaka ranar Litinin, an yi aikin tare a bidiyo ranar Laraba, an turo zane an zo an karɓi abin da aka buga mako mai zuwa. Yaron da ya riƙe a hannunsa abin da ya zana a allo zai dawo.

Mataki na 7: Killace kaya da goge su, daidai gwargwado

A farkon annobar tsoron kowa a kan abin taɓawa yake. Wani bincike da aka buga a Maris 2020 ya nuna ƙwayar cutar na iya rayuwa har sa'a 72 a kan roba da ƙarfe, sa'a 24 a kan kwali. Daga nan aka kafa wani shirin bincike mai suna REALM a Amurka, inda cibiyar binciken kimiyya ta Battelle ta gwada kayan laburare kansu. Gwajin farko, a Yuni 2020, ya nuna bayan kwana 3 ba a samun ƙwayar a littattafan da aka gwada. Wani gwaji na baya ya nuna in an jibga littattafai kan juna ana iya samunta har bayan kwana 6. Darasin a aikace: kayan da aka dawo da su a baje su, kada a tara, a manna ranar dawowa, a bar lokaci ya yi aikinsa.

Abin da ba zai jira ba sai a goge. Kayan lantarki da allon taɓawa, a jiƙa tsumma da sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70, a kashe na'urar, a goge. Ba a fesawa kai-tsaye. Tebura da mariƙin ƙofa, ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1. In kwalbar ta ce kashi 5, awo 1 na bilic a awo 49 na ruwa. In ta ce kashi 3.5, awo 1 a awo 34. A haɗa sabo kullum, a bar shi ya jiƙa wurin aƙalla minti 1, kada a gauraya shi da wani sinadari ko kaɗan. Bilic yana sa ƙarfe tsatsa, don haka ba ya zuwa kusa da sandunan na'urar 3D ko cikin keken ɗinki. Alkohol kuma yana tsattsaga robar akirilik, yana kama wuta, saboda haka a nisanta shi da ƙarfen soda da leza, a bar hannu ya bushe kafin a taɓa su. Littafi ba a goge shi, ba a kuma gasa shi: wani laburare a jihar Michigan sai da ya roƙi jama'a su daina sa littattafai a na'urar ɗumama abinci, bayan an dawo masa da wanda ya ƙone.

Duk da haka, kada wannan ya cinye muku kuɗi da ƙarfi. A Afrilu 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce haɗarin kamuwa da korona ta hanyar taɓa gurɓataccen abu bai kai 1 cikin 10,000 ba, laburarori da yawa kuma suka daina killace littattafai. Annoba ta gaba tana iya zuwa da wata hanyar yaɗuwa dabam, don haka tambayar farko ga hukumar lafiya ita ce ta ina cutar ke bi, daga amsar ne za ku san inda za ku sa kuɗinku.

Mataki na 8: Iska kafin komai, sannan a buɗe

Korona ta iska ta fi bi. Masana 239 sun rubuta wasiƙa a kan haka a Yuli 2020, manyan hukumomin lafiya kuma suka bayyana shi ƙarara a 2021. Ɗakunan ƙere-ƙere da yawa kuwa a ƙuryar gini suke, wasu ba taga, domin an zaɓi wurin ne saboda ƙarar na'urori.

Ku auna ɗakinku. Mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, tsayin mita 3, yana ɗauke da iska mita kubik 240, wato 10 sau 8 sau 3. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar a 2023 shi ne a sauya iskar ɗaki sau 5 a sa'a, wato wannan ɗakin yana buƙatar tsabtatacciyar iska mita kubik 1,200 a kowace sa'a. Ku buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, ku sa fanka a ɗaya tana hura waje. Fankar da ke juya iska daga fuskar wani zuwa ta wani ba taimako take yi ba. Ku sayi ƙaramar na'urar auna iskar da muke fitarwa, wato CO2. A waje tana nuna wajen 420. In ta haura 800 a cikin ɗaki, iska ba ta wadatar ba: a ƙara buɗewa ko a rage mutane.

A nan ɗakin ƙere-ƙere yana da abin da zai yi wa kansa da sauran unguwa. A 2020 Richard Corsi da Jim Rosenthal suka fito da akwatin tace iska da kowa zai iya haɗawa. Ana buƙatar matatar iska guda 4 masu lamba MERV 13, wato lambar da ke nuna ƙarfin tacewarsu, da fanka mai kusurwa huɗu daidai faɗinsu, da kwali, da salatif mai ƙarfi. A tsayar da matatun su zama bango huɗu, kibiyar da ke jikinsu tana kallon ciki. A manne kusurwoyi, a rufe ƙasa da kwali, a ɗora fanka a sama tana hura sama, a toshe duk wata kafa da salatif. A yanka kwali mai rami zagaye a manna a fuskar fankar, domin kada iska ta koma ta kusurwoyi. Aikin bai fi sa'a ɗaya ba, kuma darasi ne mai kyau ga malaman makaranta, kowa ya tafi da nasa aji.

Sai buɗewa, da kaɗan-kaɗan. A fara da alƙawari: mutum ya ɗauki lokaci tun daga gida, sa'a 1 ko 2, a bar minti 20 zuwa 30 tsakanin rukuni da rukuni domin iska ta sauya. A raba tebura, tazarar mita 2 in wuri ya ba da dama, mita 1 ita ce mafi ƙaranci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa. A fitar da kujerun da suka yi yawa daga ɗakin gaba ɗaya, domin kujerar da aka manna wa takarda sai an zauna a kanta. Kowane tebur da nasa akwatin kayan aiki, almakashi da ruler da filaya, in an gama a kai teburin gogewa. Tabaran kariya kowa da nasa, ko a wanke da sabulu bayan kowane mutum. Gilashin gani-kamar-gaske da ake ɗaurawa a fuska shi zai zama na ƙarshen dawowa. Wajen koyarwa, a sa kyamara a kan na'ura, a haɗa da babban allo, malami ya nuna daga nesa da sandar nuni. Aikin da bai buƙatar wuta sosai, kamar ɗinkin hannu da haɗa akwatin iska, a fitar da shi farfajiya ƙarƙashin rumfa.

Idan hukuma ta ce a rubuta sunayen masu shigowa domin bin sawun cuta, ku karɓi suna da lamba da lokaci kawai, kada ku rubuta abin da mutum ya zo yi, ku lalata takardar da zarar wa'adin da aka gindaya ya cika. Sirrin mai amfani da laburare amana ce ko a lokacin annoba.

Mataki na 9: Ma'aikata, da shirin komawa baya

Ku raba ma'aikata rukuni biyu da ba sa haɗuwa, domin in ɗaya ya kamu kada a killace kowa. Kowace na'ura a sami aƙalla mutum biyu da suka iya ta, a kuma rubuta yadda ake kunna ta da gyara ƙananan matsalolinta a takarda ɗaya a manne a gefenta. Masu ciwon suga ko hawan jini ko yawan shekaru a ba su aikin gida: duba fayiloli, haɗa jakunkuna, amsa waya. Wanda ba shi da lafiya ya zauna a gida ba tare da an taɓa albashinsa ba, in ba haka ba zai zo da ciwon ya ɓoye. Kada kuma a bar ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai a ƙofa yana jayayya da wanda ya ƙi sa takunkumi. Dokar ta fito daga shugaba, a rubuce, a manne a waje.

Annoba tana zuwa ne zango-zango, laburarori da yawa da suka buɗe a tsakiyar 2020 sun sake rufewa kafin ƙarshen shekarar. Saboda haka ku rubuta matakai huɗu a takarda ɗaya: rufe gaba ɗaya, miƙa kaya a ƙofa, shiga da alƙawari, buɗewa ga kowa. A gaban kowanne ku rubuta abin da ake yi, da wanda ke yi, da alamar da za ta sa a matsa gaba ko a koma baya, bisa sanarwar hukumar lafiya ta yankinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye matakin gaggawa a kan korona ba sai 5 ga Mayu 2023, fiye da shekara 3 bayan kullen farko. Ku ajiye wannan takardar tare da lambar mutuminku na asibiti, da fayilolin garkuwar fuska da aka amince da su, da ma'aunin yankan takunkumi, a kwamfuta da kuma a bugu. A kabad kuma ku ware zaren PETG nadi 4 ko 5 a rufe, da ilastik, da fakitin farantin roba, ku riƙa amfani da tsohon kuna mayar da sabo sau ɗaya a shekara.